Ɗinkin Tantin da Njidda Ya Bari

Ranar da ta zama ta ƙarshe, na dawo daga sallar asuba na tarar ɗana Njidda ya fito da tsohon tanti daga ɗakin ajiya ya baje shi a tsakar gida. Watan Maris ne, zafi ya sauka a Jalingo tun rana ba ta fito ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina duban wani wuri, yadda muka saba. Shi ne ɗana na fari. A gidanmu na unguwar Barade, kamar gidajen Fulani da yawa, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya haɗa ido da shi. Haka na taso da mahaifina, haka Njidda ya taso da ni. In ina nemansa, sai in tsaya a bakin ƙofa in ce, "Ina mai babur?" duk wanda ya ji ya isar.

Tantin ya girme shi. Na fara kwana a cikinsa ina sabon likitan dabbobi, zamanin jihar Gongola, lokacin da cutar bushiya ta shigo tana kashe shanu muka yi ta yawon rigakafi daga ruga zuwa ruga. Daga baya aka yi gwanjon tsofaffin kaya, na saye shi. Na yadi ne mai kauri, irin wanda ruwa ke zamewa a kansa. Yadin bai taɓa yoyo ba. Ɗinkin ne ke yoyo, domin duk inda allura ta bi ta bar rami, ramin kuwa yana ƙara faɗi da shekaru. Da Njidda ya fara nasa aikin duba shanu, na ba shi tantin kyauta.

Da hantsi ya kafa shi a gindin mangwaro, ya daddanna turaku, ya ja igiyoyi. Neman yoyo aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana waje da buta yana bin ɗinki da ruwa a hankali, ɗaya yana ciki da guntun gawayi yana zagaye duk inda ya ga ɗigo. Ni ne na waje, shi ne na ciki, kowace shekara kafin damina. Da yadi ya shiga tsakaninmu, sai bakinsa ya buɗe.

"Baba, ruwa kake zubawa ko tsaron butar kake yi?"

"Kai dai duba."

"Na duba, har na ji ƙishirwa. Ƙara."

Na ƙara. Ya ce, "Yawwa, ga shi nan. Matsa hagu. Hagunka, ba nawa ba. Likita guda bai san hagu ba."

"Bahago ne zai koya mini hagu?"

Na ji dariyarsa ta cikin yadin. A fili bai taɓa faɗa mini irin wannan magana ba, ni ma ban taɓa mayar masa ba. Muka bi ɗinkin tsakiya, muka bi na gefe, yana kira ina zubawa. A nan yake ba ni labarin wani bijimi da ya karya shinge a kasuwar shanu ta Iware, da na wani tsohon makiyayi da ya ƙi a yi wa shanunsa allura sai an fara yi wa Njidda ya gani.

Kafin azahar Simeon ya zo. Simeon mutumin Kona ne, Kirista, abokin aikinsa tun suna makarantar koyon kiwon lafiyar dabbobi. Su biyu ke ɗaukar tantin nan su haura rugagen gindin duwatsu in ruwa ya sauka hanya ta yanke, su yi kwanaki suna allura. Ya gaishe ni, ya leƙa cikin tanti ya ce, "Mutumina, ka fito, gasa kanka kake yi?"

Njidda ya ce, "Bara wa ya kwana da roba a kansa yana kiran sunan mamarsa?"

Simeon ya ce, "Baba Dokta, ƙarya yake. Addu'a nake yi."

Bayan azahar muka bar tantin ya bushe. Hamna, matar Njidda, ta aiko mini da abinci ɗakina, shinkafa da wake. Na ji Njidda a can yana rigima da 'yarsu Rukayya a kan wa ya cinye yaji. Na kishingiɗa na ɗan yi barci.

Da la'asar ya hura gawayi a kasko ya zauna da dunƙulen kakin zuma da cokali. Sai a goga kakin a kan ɗinki, a ɗumama bayan cokali a garwashi, a bi shi da shi har kakin ya narke ya shige ramukan. Inda zare ya tsinke a sake ɗinkawa da basilla. Ni na koya masa yana yaro, amma hannunsa ya fi nawa haƙuri. Na zauna a kujera daga nesa da jarida, ban karanta komai ba. Ya gama ɗinkin tsakiya da gefe ɗaya, kakin ya ƙare.

Ana kiran magariba ya naɗe tantin, alamun gawayin suna ciki. Ya zo ya durƙusa ya ce, ƙasa yake kallo, "Gobe zan sayo kaki a Iware. Sauran gefe ɗaya da ƙofa." Na ce, "To." Maganar da na yi masa ta ƙarshe ke nan.

Washegari ya fita da sassafe zuwa kasuwar shanu ta Iware. Bai isa ba. Babbar mota ce ta ƙwace wa direbanta a kan hanyar, ta same shi a gefen titi. Simeon ne ya kira ni. Muka yi masa sutura bayan azahar.

Ba wani abu ya yi a duniya da za a rubuta a jarida ba. Shekararsa talatin da biyu. Makaranta ba ta dame shi ba. Na so ya yi jami'a kamar yadda na yi, ya tsaya a difloma, ya ce littafi yana sa shi barci amma saniya ba ta taɓa sa shi ba. Ya nemi aikin gwamnati bai samu ba, sai ya ɗaura akwatin magani a bayan babur ya shiga daji. Yakan kama ƙahon bijimin da maza uku ke tsoro, amma in ɗan kare ya yi haushi sai ya ɓuya a bayan Simeon. Ba ya cin goro, amma aljihunsa ba ya rabuwa da shi saboda tsofaffin ruga. Bai iya zama a kujera ba, ko a asibiti sai ya tsuguna. Mahaifiyarsa ta rasu yana sakandare, kuma tun daga lokacin shi ke share kabarinta in ciyawa ta fito, bai taɓa gaya mini ba, mai gadin maƙabarta ne ya faɗa mini ranar da muka kai shi. A kwanakin gaisuwa mutanen da ban sani ba suka yi ta zuwa, wasu da sandunansu, wasu daga coci tare da Simeon. Kowa da abin da ya sani game da shi. Na zauna ina sauraro. Na gane yawancin abin da ni na sani, ta bayan yadi na ji shi.

Da jama'a suka ragu, abu ɗaya na sa a raina. Zan ƙarasa ɗinkin nan kafin ruwan farko, in bi alamun da ya yi da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Simeon zai haura rugage ko da Njidda ko babu, domin shanu ba sa jira, kuma yana bukatar wurin kwana. Amma ba don Simeon kaɗai ba ne. A cikin naɗin nan akwai gefe guda da ya gama, da zagayen gawayinsa waɗanda ke karkata yadda rubutun bahago ke yi. Ban buɗe ba. Na ce sai na samo kaki tukuna, in buɗe shi da safe, ni kaɗai.

Bayan sadakar bakwai na roƙi Simeon ya kai ni Iware. Muka wuce wurin da abin ya faru, bai rage gudu ba, ni ma ban ce ya rage ba. Na sayi kaki wurin mai zumar da Njidda ke saya. Mutumin ya ƙi sakin hannuna har sai da ya gama addu'a.

Na shigo gida rana ta take. Igiyoyin shanya cike da rigunansa. A kan katanga kuma, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ga tantin a baje, yana ɗigar ruwa, ya yi haske irin wanda ban taɓa gani a jikinsa ba.

Yayata, Adda Fanta, ita ta riƙe gidan tun ranar rasuwar. A wurinta, kamar a wurin kowa a unguwarmu, ba a rabon kayan mamaci suna da dauɗa. Sai an wanke komai an ninke, kada a ce danginsa sun bar shi da ƙazanta. Ta tara matan maƙwabta, suka kwaso duk abin da yake nasa. Ta taro ni tana goge hannu a zaninta.

"Abdu, ka ga yadda ya fita? Sai da muka tafasa ruwa. Maiƙo ko'ina, ga baƙin gawayi kamar yara sun yi wasa a ciki. Omo kaɗai bai iya ba, sai da muka sa buroshi. Dubi hannuna."

Na duba. Yatsunta sun yi fari sun saɓule. Shekarunta sun haura saba'in, kuma ita ta yi wa Njidda wanka yana jariri.

Na ce, "Sannunku da aiki, Adda."

Ta ce, "Yaron kirki irin wannan, a ce kayansa na wari? Ba a gabana ba."

Na taɓa yadin. Babu kaki, babu gawayi, ba na bana ba, ba na shekarun baya ba. Har warin hayaƙi da na shanu ya tafi. Na shiga ɗaki na ajiye kakin da na sayo a kan tebur. Ban fito ba sai la'asar.

Duk da haka na kafa shi bayan ya bushe. Turakun sun ba ni wahala, gwiwoyina ba na da ba ne. Simeon yana fama da aikin mutum biyu, ban so in ƙara masa ba. Sai na gwada ni kaɗai. In zuba ruwa, in ajiye buta, in zagaya, in sunkuya in shiga. Kafin in isa, ɗigon ya bi ɗinki ya gangara, ba a gane inda ya fara. Na yi haka safiya biyu ko uku. Da yamma hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Na san ba zai daɗe yana watsewa ba.

Hamna tana takaba. Tun da aka kawo ta gidan nan, ban taɓa jin jimla guda cikakkiya daga bakinta ba. Suruka ce, in ta gan ni sai ta durƙusa ta ja mayafi, in na shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan. Haka ya kamata, ban taɓa jin komai a kai ba.

Wata safiya ina tsaye da buta, na zuba a ɗinkin tsakiya, na tsaya ina tunanin ko in zagaya ko in haƙura. Sai na ji murya daga ciki, ƙasa-ƙasa.

"Nan yana ɗiga, Baba."

Hamna ce. Ta ƙofar baya ta shiga, ban gan ta ba. Na riƙe butar da hannu biyu.

Na ce, "Akwai gawayi a wurinki?"

"Na ɗauko a murhu."

"To, zagaye shi."

Na matsa gaba na zuba. Ta ce nan ma. Na sake matsawa, ta ce nan ma. Ko'ina yoyo yake, wankin bai bar komai ba. Muka ci gaba da aiki, ba a jin komai sai ƙarar ruwa da ta gawayi a jikin yadi. Can ta ce, "Ƙara ruwan kaɗan, Baba." Sai ta yi wani sauti da ban gane ko dariya ba ne ko kuka. Ta ce, "Ya ce kai da buta sai an roƙe ka."

"Haka ya ce?"

"Kullum in kun gama. Yakan shigo ɗaki yana kwaikwayon yadda kake karkata ta."

Na ce, "Mara kunya."

"Wallahi kuwa."

Muka kai ƙarshen gefe ɗaya. Na ce mata bana aikin ya yi yawa, ba mu taɓa samun yoyo haka ba, ko da yake shi ma ranar nan ya kira wurare da dama. 

"Na yau na gaske ne, Baba."

"Na ranar nan fa?"

"Yakan ƙara."

Ban gane ba, na ce ta sake faɗa.

"Wasu wuraren ba sa yoyo. Sai ya ce suna yi, ya zagaye su. Na taɓa tambayarsa, na ce kana ɓata kaki. Ya ce in ya ce ya toshe, tsoho zai ajiye buta ya shige ɗaki, sai kuma baɗi."

Ruwan butar ya ƙare. Na je randa na cika ta, na wanke fuskata, na dawo. Na ce, "Mu koma wancan gefen." Ta ce to.

Kwanakin da suka biyo haka muka yi. Da safe ina waje tana ciki. Da la'asar sai ta shige ɗakinta, ni in zauna da kasko da cokali. Na ƙona yatsa sau da yawa, kakin ma ba ya kwanciya sumul kamar nasa. In mun haɗu a tsakar gida tana durƙusawa ta ja mayafi kamar da. Amma ta bayan yadi na ji yadda ya nemi aurenta, ya je gidansu a Iware da sunan duba akuya alhali akuyar lafiyarta lau. Na ji yana son ya sayi fili a bayan Kona ya dasa mangwaro. Na ji yana ajiye tsohon hotona da na ɗauka a gaban tantin nan ina da gashi, yana nuna wa abokansa. Ita ma ta yi tambaya. Ta ce yaya yake yana yaro. Na gaya mata ranar da ya saka ɗan maraƙi a ɗakin mahaifiyarsa don ana ruwa. Adda Fanta ta fito ta gan mu, ni ina magana da tanti, tanti yana amsawa. Ta tsaya, ta riƙe haɓa, ta koma ciki. Da yamma sai ga ta da garwashi a kasko ta ajiye a gefena.

Ruwan farko ya riga mu. Ya zo da rana tsaka da iska, saura ɗinkin ƙofa. Na tsaya a baranda ina kallon tantin yana jijjiga. Da ya ɗauke na shiga na duba. Inda muka gama ƙasa a bushe take. Bakin ƙofa ya jiƙe. Muka jira rana ta fito, na ƙarasa.

Malamin unguwa ya zo aka raba gado yadda shari'a ta ce, tsakanin Hamna da Rukayya da ni. Babur ɗin ba ya gyaruwa, wani makanike ya ɗauke shi don kayan gyara. Rigunan, Adda Fanta ta rarraba wa 'yan uwa da maƙwabta, a wanke a ninke yadda ta so. Takalman robarsa na shiga garke na ba wani makiyayi da ya zo gaisuwa daga nesa. Wayarsa tana wurin Hamna, har yanzu mutane na kira suna neman mai allura, tana ba su lambar Simeon. Akwatin magani da sirinji mun bar wa Simeon da yardarta. Tantin kuwa, tun da na ba shi kyauta ya zama nasa, sai da aka sa shi cikin gado. Na roƙa a sa shi a rabona, ba wanda ya ja.

Simeon ya zo ya ɗaure shi a bayan babur ɗinsa, ya tafi da wani sabon abokin aiki, Imran. Bayan takaba Hamna ta koma gidan iyayenta da Rukayya, suna zuwa wasu ranakun Juma'a. Cikin watan Agusta Simeon ya kira ni daga kan wani tudu inda waya ke kamawa. Ya ce an kwana ana ruwa, tantin ya riƙe, sai dai kusurwar baya ta hagu tana ɗiga kaɗan. Ya ce ko ya nemi kaki a ruga ya toshe. Na ce a'a, ya ja tabarmarsa gefe, ya bar wurin yadda yake har ya dawo mini da shi.